Yadda zaka dawo da itatuwa gonarka ba tare da ka dasa ko ɗaya ba

Duk shekara idan damina ta kankama sai kaga an fito da motoci shaƙe da dashe a leda, a raba, a haƙa ramuka, a ɗauki hoto a watse. Ka koma wurin wajen watan Maris ka ƙirga abun da ya rage, mafi yawa sun bushe, wasu awaki sun cinye, wasu ko ɗigon ruwa ba a ƙara basu ba tun ranar da aka saka su. Ni ba kushe dashe nake ba, akwai inda ba makawa sai shi, amma abun da yake ci min rai shi ne a daidai wurin da ake ta wahalar dasa ɗan tsiron da saiwarsa bata kai tsawon tafin hannu ba, akwai itatuwa masu shekara talatin arba'in da ransu a ƙarƙashin ƙasa, kuma mu da hannunmu muke fille musu kai duk shekara da sunan sassabe.

Ga yadda abun yake. Idan aka sare bishiya, indai ba tono ta aka yi ba ko aka babbake ta har cikin ƙasa, yawanci bata mutuwa. Sama kawai aka cire, saiwar tana nan daram, ta riga ta nitse ta iske danshi, ta tara abinci, ta saba da ƙasar wurin da zafinta da farinta. Shi yasa duk shekara zaka ga wani cunkus na toho ya ɓullo a wuri guda, goma, ashirin, wani ma ya fi haka, duk sirara babu wanda ya wuce gwiwa ko ƙugu. Kai kana ganin ƙazantar gona ce sai ka sa yara su sassabe a tara a cinna wuta, baɗi kuma ta sake fitowa a daidai wurin. To wannan mai sake fitowar bishiya ce take neman dawowa, aikinka kawai ka rage mata yawan tohon nan ta zuba ƙarfinta a kan 'yan kaɗan. Kamar uwa ce mai goyon yara ashirin ita kaɗai, ba wanda zai yi ƙiba a cikinsu.

Ba sabon abu bane, manoma sun daɗe suna barin wasu itatuwa a gona, amma inda abun ya fito fili ya zama hanya da ake koyarwa shi ne jihar Maraɗi a Nijar. Wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta fama da dashe a can yana mutuwa, sai a 1983 wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar mota saboda rairayi, ya duba wani ɗan cunkus a gefen hanya ya gane ganyen na bishiya ne, kututture ne mai rai. Ya fara da manoma ƙalilan, mutane suna musu dariya wai ƙazaman manoma masu barin datti a gona. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa aikin da rabon abinci, aka bar itatuwa wajen dubu 500, da rabon ya ƙare kusan kashi biyu cikin uku aka sake sarewa, amma waɗanda suka bar nasu suka ga bambanci, maƙwabta ma suka gani, kuma gani ya kori ji. Daga baya masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan adam na wajen 2005, suka tarar an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Ba injin ban ruwa, ba leda, gatari da wuƙa ne kawai da haƙuri. Can suna kiransa sassabin zamani.

Fara da zagaya gonar tukunna

Kafin ka taɓa komai, bayan an kwashe amfani kuma kafin lokacin sassabe, ka ɗauki rana guda ka taka gonar ƙafa da ƙafa daga wannan iyaka zuwa waccan. Kada ka tsaya daga bakin gona ka hango, daga nesa ba abun da zaka gani sai fili. Duk inda kaga toho ka durƙusa ka buɗa shi da hannu ka leƙa gindinsa, in kaga tsohon kututture ko wani kauri a ƙasa inda duk tsirran suka fito to ka samu. Akwai kuma masu fitowa daga saiwar da ta yi tafiya a kwance, da ƙananan da suka tsiro daga iri, musamman inda shanu suka yi kwana, waɗannan sai ka sa ido sosai domin wani bai fi yatsa ba. In baka san sunayensu ba ka tafi da dattijo, ko matar da take yin itace a wurin, ko makiyayi, wallahi su ukun nan sun fi kowa sanin wace bishiya ce ta taɓa tsayawa a ina da abun da take yi.

Daga nan sai zaɓi, kuma zaɓin naka ne, ya danganta da abun da kake nema, gyaran ƙasa ne, itacen girki ne, abincin dabba ne, 'ya'ya ne ko dai kariya daga iska. Amma bari in faɗi ra'ayina ƙarara, in ka samu gawo a gonarka ko ɗan mitsitsi ne kada ka yarda wani abu ya same shi. Gawo dabam yake da sauran itatuwa, da damina lokacin da kowa yake kore shi kuma zubar da ganyensa yake, ya tsaya fayau rana tana ratsa shi, saboda haka baya tare wa shuka haske, ga ganyen da ya kakkaɓe ya zama taki a daidai lokacin da shuka take buƙata. Da rani kuma sai ya yi ganye shar ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yan suna kashi a wurin, taki kan taki kenan. Ƙari a kan haka yana cikin itatuwan da ƙwayoyin halittar da ke saiwarsu suke jawo sinadarin naitirojin daga iska su saka a ƙasa, shi ne dai babban abun da ake saye a buhun yuriya. Duk wanda ya taɓa ganin gero a ƙarƙashin gawo ya ga yadda karansa yake kauri, ganyen ya yi duhu, zangarniya ta cika, alhali taku ashirin daga nan wani gero ne dabam. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Sai kalgo da sabara, waɗanda su ne aka fi rainawa kuma su ne suka fi yawa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi a saman ƙasa ta ƙananan saiwoyinta, geron da ke kusa ya sha, a shekarar fari wannan ɗan danshin shi ne bambancin samu da rashi. Ka lura ma da kanka, gindin sabara kullum a ɗan tudu yake, ƙasa ce mai laushi da iska ta kwaso daga gonar wani ta zo ta maƙale a nan. Aduwa, magarya, bagaruwa, kirya, marke, taramniya, kanya, duk suna tohowa daga kututture kuma kowace da amfaninta. Masu inuwa mai duhu sosai irin su tsamiya da darbejiya gara ka bar su a iyaka ko kusurwa, ba tsakiyar inda kake shuka ba. Kuma ka yi hattara da baƙin itatuwa masu mamaye wuri, akwai wata ƙaya da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka, Prosopis juliflora, an kawo ta da niyyar tare hamada amma yanzu a gefen tafkin Chadi da Baringo ta Kenya da yankin Afar na Habasha ta cinye makiyaya da gonaki, mutane kuka suke da ita. Irin wannan ba rainonta zaka yi ba. Abu na ƙarshe a nan, kada ka bar iri ɗaya tal, ka gauraya, in cuta ko ƙwari suka faɗa wa ɗaya saura suna nan.

Guda nawa zaka bari? A farko Rinaudo ya ba da shawarar wajen 40 a hekta, daga baya manoma da kansu suka riƙa wuce haka, wasu har sama da 100 domin sun gane tun suna ƙanana basa takura shuka. In kana jin tsoro ka fara da ɓangare guda na gonar, ka bar ɗayan yadda ka saba, da kaka ka gwada da idonka. In kuma da garmar shanu ko tarakta kake huɗa, ka zaɓi kututturan da suka ɗan yi layi saboda garma ta samu hanya.

Yankan kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke ɓata shi da gaggawa. Kayan aiki ba wani abu bane, wuƙa, adda, lauje, ƙaramin gatari ko zarto, duk wanda kake da shi, sharaɗi ɗaya ne ya kasance da kaifi sosai. Dakusasshen ƙarfe ba yanka yake ba, farfasa icce yake ya bar rauni a buɗe, ta nan ruwa da gara da cuta suke shiga.

Ka tsuguna gaban kututturen ka kalli tsirran ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi waɗanda suka fi tsayi, suka fi kauri, suka miƙe sak, kuma suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen inda suka kama da kyau, domin wanda ya fito daga can saman tsohon sara iska tana iya ɓalle shi. Ka ware uku zuwa biyar, sauran duk ka yanke su daga tushe. Me yasa ba ɗaya ba? Saboda akuya zata iya cin ɗaya, yaro ya karya ɗaya, ɓarawon itace ya sare ɗaya, kuma kai ma kana so nan gaba ka riƙa cire ɗaya kana amfani da shi ba tare da ka kashe bishiyar ba. Amma in gawo ne ko wata da kake so ta zama ƙatuwar bishiya, daga baya zaka rage su koma ɗaya ko biyu.

Sai ka dawo kan waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gefe, daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu kawai, kada ka wuce rabi. Na sha ganin wanda zai aske tsiro tas ya bar masa ɗan tuntun ganye a kai wai don ya yi saurin tsawo, abun da yake samu shi ne wani siririn abu mai lanƙwashewa, iskar farkon damina tana zuwa ta karya shi, kuma ganyen nan da ka cire da shi yake dafa abincinsa. Yadda zaka riƙe wuƙar ma da muhimmanci, daga ƙasa zaka yanko reshen zuwa sama, ka riƙe shi da hannun hagu ka ɗaga kaifin ta ƙarƙashinsa. In ka saro daga sama zuwa ƙasa, reshen yana faɗuwa yake jan ɓawon jikin ya tsage shi har ƙasa, sai kaga wani farin tabo dogo a jikin tsiron, wannan raunin yana daɗewa bai warke ba. In tsirran sun yi laushi suna kwanciya, ka haɗa su ka ɗaure sako-sako da igiyar kalgo ko tsumma su tallafi juna.

Abun da ka yanke kada ka ƙona. Masu kauri ka kai gida itace ne, ganyen ka baza a gindin ya rufe ƙasa, masu ƙaya kuma ka kewaye tsirran da su, shi ne shingenka na farko. Kafin ka tashi ka ɗaura jan ƙyalle ko ka shafa ɗan fenti a jiki, wannan alamar tana gaya wa duk mai wucewa cewa wannan ba tsiron banza bane, da mai shi. Abun kamar wasa amma yana aiki, mutum yana jin nauyin sare abun da aka gyara aka yi wa alama fiye da cunkus ɗin da yake gani ba na kowa ba.

Kututture ɗaya baya cin minti biyar in hannu ya saba. Sai dai ba a yi sau ɗaya a tafi, bayan wata biyu zuwa shida sabbin tsirrai zasu sake fitowa a gindin, ka koma ka cire su ka ƙara ɗaga rassan gefe kaɗan. Lokacin noman farko da maimai ma kana wucewa da fartanya kana iya yi, kawai ka ja kunnen 'yan ƙwadago tun kafin su shiga, domin hannunsu ya saba da share duk abun da ba shuka ba, a safiya ɗaya zasu iya mayar da kai baya shekara guda.

Dabbobi da wuta su ne barazanar shekarar farko. Da damina ba matsala tunda ana tsare dabbobi, da kaka ne in aka sake su abun yake tsanani, to in ka yi gyaran da wuri tsiron da yake kan tsohuwar saiwa yana saurin tashi, cikin shekara ɗaya zuwa biyu kansa ya kan fi ƙarfin bakin akuya, raƙumi ne dai sai an ƙara haƙuri. Wuta kuwa ka daina sa ta a gona kwata-kwata in zaka iya, in kuma maƙwabcinka yana ƙona tasa ka share ciyawa ka yi fili tsakaninku, ka janye busasshen kara daga jikin tsirran.

Maganar mutane, wadda ta fi yankan wuya

Gaskiyar magana duk abun da na faɗa a sama yaro ɗan shekara goma sha biyu zai koya a yini ɗaya. Abun da yake kashe wannan aiki ba rashin iya yanka bane, tambaya ɗaya ce, in na raini bishiyar nan ta girma, tawa ce? Ba wanda zai yi shekara uku yana kula da abu alhali ya san dare ɗaya wani zai zo ya sare, ko ranar da ya ɗauki gatari zai rage reshe malamin daji ya ci shi tara. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, dokar daji ta 1935 ta mayar da itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, bayan 'yancin kai ma aka ci gaba a kan haka, sakamakon shi ne manomi ya riƙa kallon bishiya a gonarsa a matsayin abun jawo masifa, gara ya kashe ta tun tana ƙarama kafin wani ya gani. Sai da jami'ai suka sassauta, mutane suka tabbata abun da suka raina nasu ne, sannan itatuwa suka dawo, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina. Saboda haka kafin ka yi nisa ka je ka ji me dokar wurinku ta ce, ka sami malamin daji da mai unguwa ko dagaci ka nuna musu abun da kake yi tun tsirran suna ƙanana, in da hali a rubuta. In gonar aro ce ko haya ko jingina, ka yi magana da mai ita tukunna, a wurare da yawa barin bishiya ana ɗaukarsa kamar kana neman kafa hujjar mallaka, kada alheri ya koma rigima.

Sannan kada ka yi shi kai kaɗai in da yadda zaka yi. Gona ɗaya mai itatuwa a tsakiyar fili fetal ita kowa zai nufa neman itace. Ka jawo maƙwabta huɗu biyar ku fara tare, ku yi yarjejeniya a baki ko a takarda, wa zai sa ido, me za a yi wa wanda aka kama yana sara. A ƙauyen Dan Saga da ke yankin Aguié a Maraɗi haka suka yi, suka kafa kwamitin sa ido, kuma hikimar da suka yi ita ce sun saka mata da makiyaya a ciki. Wannan ya kamata kowa ya kwaikwaya. Matar da take tafiyar awanni neman itacen girki ba maƙiyiyar bishiya bace, wuta take nema ta dafa wa yara abinci, in aka hana ta sara ba a bata madadi ba to an zalunce ta kuma dole ta dawo da dare, amma in ta san rassan da ake ragewa duk bayan 'yan watanni nata ne, ita zata fi kowa tsare wurin. Haka makiyayi, shi ganye da 'ya'yan gawo yake nema a ƙarshen rani lokacin da ba ciyawa, in aka zauna da shi aka nuna masa yadda zai sassaƙo reshe ba tare da ya guntule kan bishiyar ba, aka bar masa burtali da hanyar mashaya a buɗe, to shi ma riba yake gani, shanunsa kuma su ne suke kawo maka taki da irin itatuwa a cikin kashinsu. Ni a ganina duk shirin gyaran daji da aka fara shi da korar makiyaya da mata ya riga ya faɗi tun ranar farko.

A filin da ba na mutum ɗaya ba ma yana yiwuwa. A Humbo da ke kudancin Habasha, daga 2006 al'ummar wurin suka kafa ƙungiyoyi, hukuma ta basu takardar haƙƙin amfani da wasu tsaunuka da suka zama ƙwalƙwal, suka raini kututturan wajen hekta 2,700 har daji ya dawo, suna yankar ciyawa da itace bisa tsari.

In ƙasar ta riga ta zama fako

Wani zai ce ni gonata ko kututture babu, ƙasa ta daskare ta yi sulɓi, ruwan sama yana sauka yake gudu. To nan sai an fara da tare ruwa. Hanyar da marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso ya inganta ita ce ta ƙananan ramukan tare ruwa da ake kira zai, a Nijar ana ce mata tassa, kuma shi da Rinaudo duk sun samu kyautar yabo ta ƙasa da ƙasa mai suna Right Livelihood a 2018. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 20, tazarar kamar taku ɗaya tsakani, ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare yadda zata tare ruwa ya koma ramin. Ka zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami ka bar shi. Gara zata zo cin takin ta huda ƙasar da ƙananan hanyoyi, in ruwa ya sauka sai ya bi ta nan ya nitse maimakon ya gudu. Ka shuka hatsinka a ramin, kuma ka sa ido, a cikin takin nan akwai irin itatuwan da dabbobi suka ci, wanda ya bi ta cikin dabba ma ya fi saurin tsirowa domin ɓawonsa ya yi laushi, zaka ga ƙananan gawo da bagaruwa da aduwa suna fitowa tare da shukar, waɗannan su zaka raina. In wurin da ɗan gangare ka ƙara da rabin wata, wato rami mai siffar jinjirin wata da bakinsa yake kallon inda ruwa yake gangarowa, a jera su a saɓa layi yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa, ko kuma jerin duwatsu a gicciye. Aiki ne mai cin ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba, haƙa fako da rani ba wasa bane, shi yasa gara a yi shi ɗan yanki-ɗan yanki kowace shekara. A irin wannan wurin ne dashe yake da ma'ana, ka dasa irin da ya ɓace a yankin a cikin ramin da ya riga ya tara danshi.

Me zaka gani kuma yaushe? Tun shekarar farko akwai ɗan itace da ganyen dabba daga abun da kake ragewa. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku zaka fara lura iskar farkon damina, wadda take kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta har sai an sake shuka sau biyu sau uku, ta rage ƙarfi a cikin gonar. Ƙasar da ba rufi zafinta da tsakar rana yana haura digiri 50, yana ƙona ƙaramar shuka, ƙarƙashin ɗan inuwa da ganyen da ya zube kuwa da sauƙi sosai kuma danshi ya fi daɗewa. Tsuntsaye da ƙadangaru da gizo-gizo suna dawowa su rage maka tsutsa da fara. Na san masu cewa bishiya tana tara tsuntsaye masu cin hatsi, eh suna sauka, amma jan baki ko ba bishiya a gonarka daga nesa yake zuwa, kuma rage rassa kafin hatsi ya nuna yana hana su samun wurin yin sheƙa. Gyaran ƙasa na sosai irin na gawo shi kam sai an yi shekaru, kada wani ya ruɗe ka da cewa damina ɗaya zata ninka maka amfani.

Idan tsirran suka kai kaurin da za a yi amfani da su, ka riƙa cire ɗaya a shekara daga kowane kututture, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa, mafi kyawun cikinsu kuma kada ka taɓa shi, shi ne zai zama bishiyar. In inuwa ta fara yawa a kan shuka, gab da faɗuwar damina ka hau ka rage rassan, yankan nan dai daga ƙasa zuwa sama, babban reshe kuma ka fara tsaga shi ta ƙasa kaɗan kafin ka gama shi ta sama saboda kada nauyinsa ya ɓare jikin, kuma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan bishiyar a lokaci guda. Inda suka yi cunkoso ka cire raunana ka bar tazara. Sannan duk shekara lokacin zagayen nan na bayan kaka ka ƙara zaɓar sabbin ƙanana ko biyar ne ka ɗaura musu ƙyalle, domin gonar ta kasance da manya da matsakaita da yara a lokaci guda, in ka sare babba don buƙata ko ta faɗi da kanta akwai wadda ta riga ta kai kafaɗa a kusa da ita.